Gwajin fitsari na HVA: wa ya taɓa yi wa yaronsa a nan Jos?

Maman Hanif, Angwan Rogo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wa ya taɓa yin gwajin nan da ake ce wa HVA? Hanif shekararsa biyu da wata huɗu, cikinsa ya ɗan kumbura ta gefen hagu kuma ya rage cin abinci, da aka yi sikanin likita ya ce ya ga wani abu a saman ƙoda, shi ne ya rubuta mana HVA da wani gwajin fitsarin da ake haɗa su tare, wai shi VMA. A lab suka miƙo min wata jarka wai in tara fitsarinsa na awa 24, yaron da har yanzu pampas yake kwana da shi, ni na rasa ta inda zan fara wlh.

Abban Zahra, Bukuru: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Mun yi wa Zahra bara, sau biyu ma, don na farkon mu muka ɓata da hannunmu. Fitsarin farko na safe ba a tarawa, zubarwa ake sai ki rubuta lokacin, daga nan duk wanda ya yi sai a jarka har zuwa daidai wannan lokacin gobe. To mu da la'asar tana wasa da yaran maƙwabta ta tsuguna bayan gida ta yi abinta, uwarta ta ce mu yi shiru ai guda ɗaya ne, na ce a'a, kuɗi za mu biya a ba mu sakamakon ƙarya? Haka muka koma muka karɓo sabuwar jarka. Kuma ruwan nan da kika gani a ƙasan jarkar asid ne, kar ki zubar, kar ki bari ya yi fitsari kai tsaye a ciki. A fo mai tsabta zai yi ki juye a hankali, ni ɗigo ɗaya ya taɓa min wando sai da ya huje.

Sani Lab: Hajiya ni aikina ke nan. HVA wato homovanillic acid, shi ne abin da ke saura in jiki ya gama amfani da sinadarin dopamine, sai ƙoda ta fitar da shi a fitsari. Akwai wani ƙari da ake kira neuroblastoma, ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma sau da yawa daga saman ƙoda yake tasowa, kusan tara cikin goma na masu shi HVA ko VMA ɗinsu yana hawa. Amma kar hankalinki ya tashi tun yanzu, hawan lamba kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa da hoto da gwajin tsoka. Ki koma ki tambayi likita ko zai karɓi fitsari na lokaci ɗaya, ana auna shi a kwatanta da creatinine, wani sinadari da ƙoda ke fitarwa a fitsarin kowa, ga yaro mai pampas shi ya fi sauƙi, akwai ma 'yar leda da ake manna wa yara ta tare fitsarin. Ki kuma faɗa masa duk maganin da yaron ke sha, har na gargajiya.

Ummu Khalil, Rikkos: Ni ayaba ce ta kwance min aiki. An ce kwana uku kafin a fara ba ayaba, ba cakulan, ba shayi, ba abin da aka sa wa banila, na kiyaye tsaf, ashe kakarsa ta dawo daga kasuwar Taminus da ayaba ta ɓare masa biyu a ɗakinta, wai jikanta ya rame. Uwar miji ce, ya zan yi, sai na ɗaga gwajin. Ki sanar da kowa a gidan tun yau. Jarkar kuma wuri mai sanyi take so, kar ki ce ai Jos ce, mu da babu wuta kula muka saka ta da ƙanƙarar da muka saya a bakin layi.

Abban Zahra, Bukuru: Na manta, ki tambaye su ranar da suke aikawa, namu ba a nan aka yi ba Legas suka tura, mun jira kusan sati biyu.

Maman Hanif, Angwan Rogo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira likitan ya ce in kawo na lokaci ɗaya ranar Litinin da safe. Malam Sani ledar nan a kemis ake samu ko sai a asibiti?