Abin da aka tattara kan ƙwaƙwalwa da kwamfuta

'Yan uwa na Kaduna, muhawarar nan da muke yi kan kwatanta ƙwaƙwalwar ɗan Adam da kwamfuta ta yi tsawo, ga taƙaitawa.

1. Babu gardama cewa kwamfuta ta fi mu saurin lissafi. An tuna yadda kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a darar Turawa (chess) a 1997.

2. An kuma yarda ƙwaƙwalwa ta fi tattali: ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, amma ƙarfin da take ci bai wuce wat 20 ba, kamar ƙaramin ƙwan lantarki.

3. A kan tunani aka rabu. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna (Kadpoly) sun riƙe gwajin masanin lissafi Alan Turing na 1950: in kana hira da na'ura ka kasa bambanta ta da mutum, to ka ƙyale ta da sunan mai tunani. Wasu suka kawo hujjar masanin falsafa John Searle ta 1980, cewa mutum zai iya jera amsoshin Sinanci daidai ta bin ƙa'ida alhali bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Ni dai nan na fi karkata.

4. Malamanmu sun ce hankali da ruhi baiwar Allah ce, ba a ƙera su.

5. ChatGPT, manhajar da ke amsa tambayoyi cikin hira: a yi amfani da shi, amma a riƙa tantance amsarsa, domin yakan shara ƙarya ba ko kunya.