Gyara Hoton Rada Idan Abin Ɗauka Yana Tafiya

Da injiniyoyi suka tattauna kan dalilin da ya sa jirgin ruwa ke fitowa dishi-dishi a hoton rada alhali gaɓar teku ta fito tangaran, shawarar farko ita ce a gane irin motsin. Idan abu yana matsowa ko nisantar rada, hotonsa yana gocewa gefe, har a ga jirgin ƙasa kamar ya sauka daga layin dogo. Idan kuma yana tafiya ta hanyar da jirgin sama ko tauraron ɗan adam mai ɗauke da radar ke bi, sai hotonsa ya yi dishi-dishi.

Yawancinsu sun ce kada a yi gaggawa. A yanko ɗan yankin da jirgin yake, a jera amsa-kuwwar da ke dawowa wa radar daga jirgin ta daidaita bisa nisa, sannan a gyara zangon igiya, wato matakin da igiyar rada take a hawa da saukarta lokacin da ta dawo. Tsawon igiyar radar tauraron ɗan adam na Sentinel-1 kusan santimita 5.6 ne, don haka kuskuren santimita ɗaya ma ya isa ɓata aiki.

An fi jan muhawara kan PGA, dabarar gyara zangon igiya don hoto ya yi kaifi, wadda aka ƙirƙiro a cibiyar binciken Sandia ta Amurka a ƙarshen shekarun 1980. Tana da sauri, amma ta fi aiki idan hoton na da ɗigo masu haske sosai, kamar kusurwar ƙarfe. In babu su, gara a yi ta gwada gyara har hoton ya fi kaifi, ko da kwamfuta za ta jima.

Jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa kuwa, ni ma na yarda da masu cewa a ɗauki gajeren lokacin da juyawarsa ta daidaita, a watsar da sauran.