Ƙwaron da na saka ya tsare min tumatir shi ya koma cin shukar

Mai Tumatir: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, kuma so nake kowa ya ji. Wata uku ke nan da aka lallaɓa ni na daina feshi a gidan ledata, aka ce in saki ƙwarin da ke cin ƙwari. Na sayi Nesidiocoris, ɗan siririn koren ƙwaron nan, saboda farin ƙuda da tsutsar Tuta mai cin ganyen tumatir. Gaskiya ya share su tas. To da abincinsa ya ƙare sai ya juyo kan shukar. Yau da safe na kama kan wata shuka, na ga wani zobe mai ruwan ƙasa ya zagaye karan, ina lanƙwasa shi ya karye a hannuna. Furanni kuwa sai zuba suke yi. Wanda ya sayar min da maganin ko sau ɗaya bai ambata min haka ba. Ni dai na ce wannan hanya yaudara ce.

Ɗalibin Noma: Allah ya mayar da alheri, Malam. Amma ka ce "magani", kuma tun daga nan aka kuskure. Wannan ba magani ba ne, halitta ce mai rai, tana jin yunwa, tana hayayyafa. Wanda ya ɗauke ta kamar kwalbar feshi dole ya sha mamaki.

Tsohon Malamin Gona: Yaro, duk abin da ya kawar da cuta magani ne. Ba ka ji ana cewa maganin kar a yi, kar a fara ba? Nan wace kwalba aka buɗe? Ka bar mutum da kalmarsa.

Ɗalibin Noma: Baba, ba Hausa nake gyara masa ba. Magani ka zuba ka tafi. Wannan kuwa kiwo ne. Idan aka sake shi da wuri har ƙwan wani malam-buɗe-littafi mai suna Ephestia ake barbaɗa masa a kan ganye don ya samu abin ci kafin ya kafu. Ka taɓa ciyar da magani?

Hajiya Mai Tattasai: Ƙanena ya yi gaskiya. Ni Orius nake saki a tattasai, yana cin tirif, ƙananan ƙwarin nan da ke ɓuya cikin fure. In ka buɗe furen za ka gan shi ɗan baƙi-baƙi yana kai-komo, in babu tirif kuma ya ci garin furen ya rayu. Ban taɓa kiransa magani ba, ma'aikacina ne.

Mai Feshi: Ma'aikacin da ke cin dukiyar ubangidansa? Hajiya, ku dai faɗi gaskiya, in abu ya ci tura kowa kan feshi yake komawa.

Hajiya Mai Tattasai: Kai da ma feshi ne abincinka, me za ka ce? Je ka tambayi manoman Almeriya a Sifen. A ƙarshen 2006 aka gano ragowar haramtaccen maganin ƙwari a tattasansu a Jamus, kasuwa ta juya musu baya. Tirif ɗin ma ya riga ya daina jin feshi. A 2007 suka rungumi Orius da wani ƙwaron mai suna swirskii, kuma ba su koma gidan jiya ba.

Mai Feshi: Kin ga ke ma kin ce "maganin ƙwari". Ashe kalmar ba ta haramta ba.

Ɗalibin Noma: Wancan ai guba take nufi. Kuma Hajiya, a yi min afuwa, swirskii ba ya cikin jinsin ƙwari. Ƙafa takwas gare shi, dangin gizo-gizo ne. Haka Phytoseiulus, wanda wani manomin kokwamba a Holan ya fara aiki da shi a 1967 don kashe gizon ganye. Ƙwaro na ainihi ƙafa shida ne.

Tsohon Malamin Gona: Ikon Allah! Yanzu kuma ƙwaro ma ba ƙwaro ba ne? Wa ya taɓa tsayawa ƙirga ƙafar abin da sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa sosai? Tun ba a haife ka ba nake duba bayan ganye. Ɗan zanzaron nan Encarsia da ke saka ƙwai cikin 'ya'yan farin ƙuda su koma baƙi, tun shekarun 1920 ake aiki da shi a Ingila. Zuwan maganin feshin nan DDT ne ya sa aka yi watsi da shi, aka dawo masa a shekarun 1970 da feshi ya gaza. Duk mutanen nan ba magani suke nema ba?

Ɗalibin Noma: Encarsia ma ba mafarauci ba ne, Baba, a jikin wani yake renon ɗansa. Kuma don Allah a daina ce min yaro.

Hajiya Mai Tattasai: A'a ƙanena, nan kam ka ja birki. Baba ya haife ka.

Mai Feshi: Ɗazu ba tare kuke ba?

Mai Tumatir: Jama'a, shukata ce ke karyewa.

Hajiya Mai Tattasai: Malam, kai ma da sakacinka. Duk mai aiki da Nesidiocoris ya san kawunan shuka ake dubawa kowane mako, don nan yake taruwa, kuma zafi na ƙara masa yawa. Da ɗan'uwansa Macrolophus ka saka da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Mai Feshi: Shi ma in ya yi yawa yana tsotsar fure da 'ya'ya. Duk kanwar ja ce.

Mai Kula da Zaure: To a tsaya haka nan, zan rufe. Abin da na fahimta shi ne yawancinmu mun yarda ƙwarin nan ba magani ba ne, kiwo ne da ke son kulawa, kamar yadda Hajiya da Ɗalibi suka yi bayani da hujja. Ni ma shekarata huɗu rabona da feshi a kokwambata, ban yi nadama ba. Kalmar yaudara ba ta da wuri a nan, asarar Malam daga rashin dubawa ta zo. Mai Feshi bai kawo hujja ko ɗaya ba. Baba kuma mun gode da tarihi.

Tsohon Malamin Gona: Ni ban yarda ba, kar a ƙirga da ni. Magani ne.

Mai Tumatir: Ranka ya daɗe, kafin ka rufe. Har yanzu suna nan cike da kawunan shukar. In yanke kawunan in fitar da su waje ne, ko in yi feshi in kashe har da masu amfanin? Wani ya amsa min wannan.