Na sa sabon katin hoto, allo ya ƙi kawowa

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana kwamfuta ku taimaka min, abin ga ya ishe ni.

Tsohuwar desktop gare ni ta 2012, Core i5, RAM 8GB, fawa saflai ɗinta (akwatin da ke ba ta wuta) 275W. Na sayi katin hoto GTX 1050 Ti tokumbo nan Sakkwato saboda aikin bidiyo, irin wanda ba ya son wata wayar wuta daban, daga ramin PCIe, inda ake soka katin, yake jan 75W ɗinshi. In na kunna fankar katin tana juyawa, fitilar gaba ta kama, amma allo baƙi ƙirin, ko tambarin farko babu, ba ƙara ba komi.

Wayar HDMI jikin katin take ba jikin madabod (babban faifan da komi ke haɗe a kai) ba, kar wani ya ce min wannan. Na hure ƙurar ramin, na cire batirin CMOS (ɗan batirin jikin madabod) na maida, na zare katin na shiga BIOS (saitin farko na kwamfuta) na zaɓi PCIe, duk a banza. Da na zare katin sai ta tashi lafiya lau, kuma mun gwada shi a kwamfutar abokina ya kawo hoto tas.

Kamfanin katin ya ce fawa saflai mai 300W ake so. Wanga gibin na 25W zai iya hana hoto fitowa tun daga kunnawa, in je in canza fawa saflai?