Bayan digirin digirgir: ta ina ake shiga binciken ƙwayoyin tushe?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wanda ya gama digirin digirgir a nan Kumasi, yana son fosdok (aikin bincike na bayan digirin digirgir) a kan ƙwayoyin halitta na tushe, amma bai taɓa renon iPSC (ƙwayoyin jiki da aka mayar na tushe a ɗakin gwaji) da hannunsa ba, ta ina zai fara? Kuma dole ne sai ya fita waje?

Yaya Legon:
Wa alaikumussalam, ƙanena. Fara da kalanda, don kowane tallafi yana da wa'adinsa. Na EMBO, ƙungiyar masana kimiyyar halitta ta Turai, sai ka nema cikin shekara 2 da gama digiri, kuma sai kana da takardar bincike ko ɗaya da sunanka ke farko. Humboldt na Jamus cikin shekara 4. Marie Curie na Tarayyar Turai ya fi sassauci, har shekara 8, ana rufe karɓar takardu a Satumba. Duka ukun sai wani malami ya yarda ya karɓe ka a ɗakin gwajinsa tukuna, don haka rubuta masa tun saura wata 6.

Hajiyar Mamobi:
Kar ka je masa hannu rabbana, ɗana. Masu iya renon ƙwaya sun cika Turai. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne kusanci da masu sikila. Tun 1995 ake yi wa jarirai gwajin sikila a asibitin Komfo Anokye na Kumasi. Casgevy kuwa, maganin sikilar da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, ƙwayoyin tushen jini masu alamar CD34 ake cirowa, a taɓa ƙwayar gadon BCL11A da CRISPR, fasahar gyaran ƙwayoyin gado, sai haimoglobin irin na ɗan tayi ya dawo. Gina tambayarka a nan. Rashin gogewa wata 3 zuwa 6 ke gyara shi.

Malam Asawase:
Hajiya ta yi gaskiya, amma ka san abin da za su tambaye ka a ganawa. Ana renon iPSC a kan shimfiɗar Matrigel ko bitronektin, da ruwan reno mTeSR1 ko Essential 8, a zafin digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari. Kullum ake sauya ruwan, har ranar Sallah. In ka narkar da su daga sanyi, ko ka warware su ɗaya-ɗaya, sa sinadarin Y-27632, mai hana su mutuwa, maikromola 10 na awa 24, in ba haka ba da safe ka tarar yawancinsu suna yawo a saman ruwa. Maikoplasma, wata ƙaramar ƙwayar cuta, ba ya gurɓata ruwan yadda ido zai gani, gwada shi kowane wata. A riƙa duba kuromosom kuma, musamman 12, 17 da 20, don ƙwayar da ta samu ƙari a nan takan fi sauran saurin yaɗuwa ta mamaye faranti. Malamin da ba ya waɗannan gwaje-gwajen, ni ban ba ka shawarar zuwa wurinsa ba, komai sunansa.

Yaya Legon:
Zancen fita kuwa: fita ka koyi hannu, amma riƙe zumunci da cibiyoyin bincikenmu na Ghana, KCCR, Noguchi da WACCBIP. Tallafin gidauniyar Wellcome ta Ingila na masu farawa ana iya riƙe shi a Ghana. In za ka dawo, sa janareta da kuɗin ruwan naitrojin a kasafin tun farko. Dumsor, wato ɗaukewar wuta, na dare ɗaya ya isa ya kashe aikin wata 2.