Abin riƙe kyamara da na haɗa yana lilo idan ina tafiya

Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon biki da kyamarar Canon 600D, kuma a cikin cunkoson kamu ko wajen rakiyar amarya babu inda zan kafa abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. Shi ya sa na haɗa abin riƙewa da kaina.

Na yanko bututun PVC mai tsawon santimita 50, na ɗaure kyamarar a sama da ƙusa mai zare ta kwata inci, irin wadda ke shiga ramin ƙasan kyamara. A ƙasa na jera washa na ƙarfe don nauyi. Mariƙin na sa shi a kan boris, wato ƙarfen da ke ba shi damar juyawa, wajen santimita 15 ƙasa da kyamarar.

A tsaye lafiya lau. Amma da na taka, sai ƙasan ya tsaya a baya, kyamarar ta duƙa gaba. Idan na tsaya kuma, sai ta yi ta lilo kusan sau huɗu kafin ta natsu, hoton ya zama kamar daga cikin kwalekwale aka ɗauka. Na ƙara washa, lilon ya ƙaru. Na rage su, sai kyamarar ta rinjaya gefe ta ƙi miƙewa. Dabarar ɗaura igiya a jikin kyamara a taka da ƙafa ma na gwada, tana hana rawar hannu, sai dai ba a tafiya da ita.

Kwana biyar ke nan ina fama, ga biki ranar Asabar. Don Allah, a wane wuri a jikin bututun ya kamata mariƙin ya zauna don lilon ya daina? Na gode.