Wanda ya wuce Faransa ya nufi Ingila: tsira yake nema ko kuɗi?

Alhaji Garba: Na faɗa a baya, zan kuma faɗa. Wanda yaƙi ya koro, inda ya fara samun kwanciyar hankali nan zai zauna. Mutum ya baro Sudan, ya ratsa Libiya, ya isa Italiya, ya shiga Faransa, sannan ya hau kwale-kwalen roba zuwa Ingila? Wannan kuɗi yake nema.

Malama Hadiza: Alhaji, da girmanka, a duba inda akasarinsu suke. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, dubban ɗaruruwa Chadi suka shiga, wasu Masar, wasu Sudan ta Kudu. Namu da Boko Haram ta kora, Difa suka tsaya da sansanin Minawawo a Kamaru. Masu kaiwa Turai ƙalilan ne.

Alhaji Garba: To ai a kan ƙalilan ɗin nake magana.

Sani: Baba Alhaji, ni a Ingila nake zaune. Mai neman mafaka a nan kusan fam 49 ake ba shi a mako, kuma an hana shi aiki yayin da yake jiran hukunci. Akwai wani yaro ɗan Darfur da muke sallah masallaci ɗaya. Na tambaye shi me ya hana shi zama Faransa. Ya ce wata huɗu yana kwana a tanti kusa da garin Kale da ke bakin tekun Faransa, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, yayansa kuwa yana Bamingam a nan Ingila, kuma ya ɗan taɓa Turanci a makaranta. Ko mu, in Bahaushe ya sauka Kumasi, ba zango yake nema ba? Wa zai bar ɗan'uwansa ya zauna inda bai san kowa ba?

Isufu: Gaskiya ne. A Agadas na tashi. Na sha ganin motocin Hilus masu tafiya Libiya ran Litinin, mutum ashirin da wani abu a baya, ƙafafu na reto, kowa ya riƙe sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo, ga jarkar ruwa an naɗe ta da buhu. Sun san abin da ke garin Sabha na Libiya, sun ji labarin gidajen da ake tsare mutum ana dukansa har sai danginsa sun aiko kuɗi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. A 2013 gawa 92 aka tsinta a hamada arewa da Arlit, yawanci mata da yara, mutanenmu na Kance masu zuwa Aljeriya.

Alhaji Garba: Allah ya jiƙansu. Amma ka ga, yunwa ce ta fitar da su, ba yaƙi ba.

Malama Hadiza: Haka ne, Alhaji, akwai ɗan ci-rani, akwai ɗan gudun hijira, mota ɗaya ke ɗaukar su. Sai dai yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira ba ta ce dole mutum ya nemi mafaka a ƙasar da ya fara takawa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Ingila ba ta karɓar roƙon mafaka sai ka taka ƙasarta, kuma babu bizar zuwa neman mafaka. A 2022 da aka buɗe wa mutanen Yukiren hanyar biza, ta jirgi suka shigo. Ɗan Sudan ko ɗan Eritiriya da ya gudo daga aikin sojan da ba ranar gamawa, ta ina zai bi?

Alhaji Garba: Wannan na biza ban san da shi ba, na karɓa. Duk da haka mutum 27 suka nutse a ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila rana ɗaya a Nuwamban 2021. Da ɗana ne, Faransa zan ce ya haƙura ya zauna.

Sani: Yaron nan ɗan Darfur, yayansa ma abin da ya gaya masa ke nan a waya, Baba, har da kuka. Yaron ya ce ya ji, bayan kwana tara ya hau.